Wai an hana likitoci yin CS? Ga abinda ƙa'idar naƙuda ta ce

Kwana biyun nan ina ta ganin ana yaɗa wai Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta hana yi wa mata tiyatar haihuwa, wato CS, wai ko mace za ta kwana uku tana naƙuda sai an barta ta haihu da kanta. Wallahi ba haka maganar take ba, kuma irin wannan ji-ta-ji-ta tana iya sa mace ta ƙi sa hannu a lokacin da aikin ne zai ceci ranta.

Abinda aka sauya shi ne yadda ake auna jinkirin naƙuda. Tun wajen 1955 wani likita a Amurka, Emanuel Friedman, ya bi diddigin mata 500 masu haihuwar fari, daga aikinsa aka samo lissafin cewa bakin mahaifa ya riƙa buɗewa kamar santimita 1 duk awa. A kan wannan aka gina takardar nan da ungozoma ke zana layi a kai, in mace ta tsallake layin sai a ce naƙuda ta tsaya, a ɗaura ruwan naƙuda, in shiru sai ɗakin tiyata. To a 2010 binciken wani masani mai suna Zhang a kan mata sama da 62,000 ya nuna da yawa suna tafiyar hawainiya kafin su kai santimita 6, kuma su haihu lafiya lau da kansu.

Shi ya sa a 2014 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce kada a ce naƙuda ta tsaya sai an kai santimita 6, faya ta fashe, an yi awa 4 ciwo na zuwa da ƙarfi babu ƙari, ko awa 6 da ruwan naƙuda in ciwon bai yi ƙarfi ba. Ita kuma WHO a 2018 ta ce naƙuda gadan-gadan daga santimita 5 take farawa, sannan rashin buɗewar santimita 1 a awa shi kaɗai bai isa dalilin tsoma hannu ba.

Wannan "shi kaɗai" ɗin ne mutane ke tsallakewa. Ƙa'idar tana magana ne a kan mace mai lafiya da jariri mai lafiya. In bugun zuciyar jariri ya rikice, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga, ko yaro ya zo a gicciye, ko kai ya ƙi saukowa, babu wata awa 4 da za a jira. Kuma jiran da aka ce ba zaman kallo ba ne, ungozoma ce za ta riƙa kara na'ura a cikin mace tana sauraron zuciyar jariri duk minti 30, in an shiga yunƙuri duk minti 5. Sabuwar takardar da WHO ta fitar a 2020 ma ta sa iyaka, awa 6 a santimita 5, awa 2 a santimita 9, in an kai haka dole a sake duba lamarin.

To shin wannan sauyi ya rage yawan CS? Ba kamar yadda aka zata ba gaskiya. A Norway an gwada tsohon lissafin da na Zhang a asibitoci, sakamakon da ya fito 2019 ya nuna tiyata ta ragu a ɓangarorin biyu, babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu. Ni abinda na fahimta, sa ido a kan mai naƙuda yana aiki fiye da layin da aka zana.

A ganina ƙa'idar ta yi wa mata adalci, don bai kamata a yanka mace saboda agogo kawai ba, ga tabon da zai bi ta zuwa ciki na gaba. Inda take damuna shi ne inda ungozoma ɗaya ke riƙe da ɗaki guda. WHO ta ce a 2021 kashi 21 cikin 100 na haihuwa a duniya ta CS ne, amma a Afirka kudu da Sahara kashi 5 ne kacal, a irin wurin nan doguwar naƙuda ba mai dubawa ita ke kawo yoyon fitsari da fashewar mahaifa.