Siffofin abu: darasin da ƙwai da kwali ke koya wa 'yan firamare

Idan malamin kimiyya a firamare ya ce yau darasin siffofin abu za a yi, yara da yawa, har da wasu iyaye, sukan ɗauka zancen kamanni ne: ja ne ko fari, dogo ne ko gajere. Kamanni na ciki, amma zancen ya wuce nan. Siffar abu ita ce halin da yake nunawa idan an gwada shi. In an danna shi, ya lotsa ko ya tsaya? In an lanƙwasa shi, ya karye ko ya dawo? Ruwa ya taɓa shi, ya tsotse ko ya zame? Tauri, laushi, gautsi, nauyi, shan ruwa, riƙe zafi, duk siffofi ne.

Inda na fi ganin yara suna ruɗewa shi ne tsakanin tauri da ƙarko. A wajensu duk abin da ke da tauri ba ya fashewa. Sai in ajiye musu kofi uku a kan tebur: na tangaran, na silba, na roba. Na tangaran ya fi tauri, farce ba ya ko yi masa alama, amma gautsi gare shi, da ya suɓuce sai dai a share. Na silba ya faɗi ya lotsa, a ci gaba da shan ruwa da shi. Na roba kuwa, mafi laushi a cikinsu, ya yi tsalle ya tsaya lafiya lau. Yaron da ya raba waɗannan ukun ya kama kan darasin.

Hanyar da ta fi shiga zuciyata wajen koyar da wannan ita ce a sa yara su yi wa ƙwai mazubi da hannunsu. A ajina a nan Gombe nakan raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ƙwai ɗaya, dafaffe, don ko ya tsage a ci, ba a yi asara ba. Kayan aiki daga gida suke zuwa: tsohon kwali, tsumma, auduga, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, leda. Ana sakin kowane ƙunshi daga tsayin mita 1, ba ƙari ba ragi, domin in tsayi ya bambanta ba za a san ko kayan ne suka yi aiki ba.

Kusan kullum akwai rukunin da zai sa ƙwai cikin gwangwani tsirara, wai ai ƙarfe ne. A buɗe a tarar ɓawon ya yi raga-raga. Dalili kuwa, abin da ke faɗowa dole ya tsaya. In ya tsaya farat ɗaya, duk ƙarfin bugun ya taru a wuri guda. In ya nutse cikin ƙaiƙayi ko auduga, tsayawar takan zo a hankali, bugun ya ragu, ya kuma bazu ko'ina a jikinsa. Gammo ma haka yake baza nauyin tulu a kai. Wata yarinya 'yar aji huɗu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai haka Innata take cusa ciyawa tsakanin tukwane in za a kai kasuwa." Na ce ta maimaita da ƙarfi kowa ya ji.

Sai in sa su yage kwali su leƙa cikinsa. Tsakanin takardu biyu akwai wata mai lanƙwasa kamar kunya a gona, ita ce ke ba shi ƙarfi ba tare da nauyi ba. Kiret ɗin ƙwai mai cin 30 shi ma dabara ce: kowane ƙwai da gurbinsa, a tsaye.

Daga nan nakan yayyafa wa ƙunshin ruwa. Nan take kwali ya saki jiki, auduga ta jiƙe sharkaf, leda ta yi nasara, yara su fara cewa to ashe leda ta fi komai. Sai in tambaye su me ya sa tumatir ɗin Dadin Kowa yake zuwa kasuwa a kwando. Tumatir yana son iska, a ƙulle shi a leda ya yi gumi ya ruɓe. Wake kuma akasin haka yake: buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, aikinsa toshe iska har ƙwarin ciki su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Manoman da ke kai hatsi kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe sun san wannan sarai.

Aikin gida da nake ba su bayan haka guda ɗaya ne: kowa ya samo abu ɗaya da aka ƙunshe a gidansu, ko goro a ganye ko siminti a buhu, ya zo ya faɗa mana daga me ake kare shi, bugu ne, ruwa ne, iska ce ko rana.