Dokar Faransa da ta ba ma'aikaci damar ajiye aiki na watanni ba tare da ya rasa gurbinsa ba

A ƙasar Faransa, ma'aikacin kamfani mai zaman kansa da ya ɗauki shekaru yana aiki yana da haƙƙin ya ajiye aikin na tsawon wata 6 zuwa wata 11, ya tafi yawon ganin duniya ko ya zauna a gida ya huta, sannan ya dawo ya tarar da gurbinsa. Sunan wannan hutu a kundin dokokin ƙwadagon ƙasar shi ne congé sabbatique, kuma ya samo asali ne daga dokar ranar 3 ga Janairun 1984, zamanin Shugaba François Mitterrand, wadda ta zo da hutu iri biyu a lokaci guda, wato na wanda zai je ya kafa tasa sana'ar, da na wanda yake son ya sarara kawai. An sake fasalin tsarin a watan Agustan 2016, cikin garambawul ɗin da ministar ƙwadago ta wancan lokaci, Myriam El Khomri, ta jagoranta. Tun daga nan aka bar wa kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago damar su yi yarjejeniya a kan wasu daga cikin sharuɗɗan, kamar tsawon hutun da yawan shekarun da ake bukata a kamfani. Alkaluman da ke tafe a nan su ne waɗanda doka ta tanada idan babu irin wannan yarjejeniya, saboda haka duk mai niyya sai ya fara duba yarjejeniyar da ta shafi kamfaninsa ko fannin sana'arsa.

Mai karatu a Nijeriya zai tuna da hutun shekara guda da malaman jami'a ke samu bayan sun shafe shekara shida suna koyarwa, amma abubuwan biyu sun bambanta sosai. Malamin jami'a yakan tafi ne domin bincike ko koyarwa a wata jami'ar, kuma jami'arsa tana sane da abin da ya tafi yi. Shi kuwa ma'aikacin Faransa ba a tambayarsa dalili. Ko makanike ne, ko akanta, ko mai sayar da kaya a kanti, doka ba ta ɗora masa bayyana inda za shi ko abin da zai yi da lokacinsa ba, kuma a ganina nan ne darajar dokar take, domin ta amince cewa gajiya da sha'awar ganin wata ƙasa sun isa hujja ga baligi mai aiki.

Sharuɗɗan shiga guda uku ne, kuma ana duba su ne a ranar da hutun zai fara. Dole mutum ya kasance ya yi wata 36 a kamfanin, ko da ba a jere ba, kuma lokacin da ya yi a wani kamfani na rukuni ɗaya yana shiga cikin lissafi. Dole ya kasance ya yi shekara 6 yana aiki a rayuwarsa gaba ɗaya. Sannan kada ya zamana a cikin shekara 6 da suka wuce ya taɓa cin irin wannan hutu a kamfanin, ko hutun kafa sana'a, ko hutun ƙaro ilimi da ya kai wata 6. Ma'aikatan gwamnati ba sa cikin wannan tsari, suna da nasu daban. Dokar ba ta duba ɗan ƙasa ko baƙo ba, don haka ɗan Nijar ko ɗan Kamaru da ke aiki bisa ƙa'ida a Lyon ko Marseille, wanda yake son ya je gida ya yi watanni tare da iyayensa, yana da wannan haƙƙi kamar kowa, sai dai takardar izinin zama tana da nata ƙa'idojin game da daɗewa a waje, kuma dokar hutun ba ta sassauta su ba.

Wanda ya cika sharuɗɗan zai sanar da kamfani aƙalla wata 3 kafin ranar tafiya, ta hanyar da za ta bar shaidar kwanan wata, galibi wasiƙa mai rajista ko wadda aka miƙa hannu da hannu aka sa hannu a kan an karɓa, yana mai faɗin ranar da zai tafi da tsawon lokacin da zai ɗauka. Daga ranar da wasiƙar ta isa, kamfani yana da kwana 30 ya ba da amsa. Idan wa'adin ya cika bai ce komai ba, doka ta ɗauki shirunsa a matsayin amincewa. Wannan ƙaramin tanadi yana da nauyi, domin ya toshe hanyar da shugabanni suka fi bi wajen kashe bukatar ma'aikaci, wato jefa takarda cikin aljihun tebur a bar ta har mai ita ya gaji da bibiya.

Amsar kamfani tana iya zama amincewa, ko ɗage ranar tafiya, ko ƙin yarda, kuma a nan girman kamfanin ne ke yanke hukunci. Kamfanin da ma'aikatansa suka kai 300 ba shi da ikon hana wanda ya cika sharuɗɗa kuma ya kiyaye wa'adin sanarwa. Iyakar abin da zai iya shi ne ya ɗage tafiyar, misali don kada ma'aikata da yawa su kasance a hutu lokaci guda, kuma ɗagewar ba za ta wuce wata 6 ba. A kamfanin da bai kai mutum 300 ba, ɗagewar tana iya kaiwa wata 9, kuma shugaban yana iya ƙin yarda ɗungurungum idan ya ga tafiyar za ta cutar da tafiyar da harkokin kamfanin, amma sai ya nemi ra'ayin kwamitin wakilan ma'aikata, kuma sai ya bayyana dalilinsa. Ana ƙirga lokacin ɗagewar ne daga ranar da aka gabatar da bukata, ba daga ranar da aka so tafiya ba. Wanda ya miƙa wasiƙa ranar 1 ga Yuni yana son tafiya ranar 1 ga Satumba, a babban kamfani ba za a riƙe shi ya wuce farkon Disamba ba, a ƙarami kuwa ana iya kai shi farkon Maris. Idan an hana shi kuma bai gamsu ba, yana da kwana 15 ya kai ƙara kotun da ke sauraron rikicin ma'aikata da iyayen gidansu, wadda ake kira conseil de prud'hommes.

Kafin garambawul ɗin 2016, iyakar da ke raba manya da ƙananan kamfanoni mutum 200 ce. Ɗaga ta zuwa 300 ya mayar da ma'aikatan matsakaitan kamfanoni masu yawa cikin sahun waɗanda za a iya hana su, kuma ina ganin wannan ragi ne ga haƙƙin, ko da yake ba za a raina uzurin ƙaramin kamfani ba, inda tafiyar ƙwararre guda kan tsayar da sashe baki ɗaya.

Batun kuɗi ne ya fi bukatar natsuwa. A tsawon hutun, kwantiragin aiki yana nan bai mutu ba, an dai dakatar da shi ne, kuma dakatarwar ta haɗa da albashi. Ba sisi da zai shigo daga kamfani, sai fa idan wata yarjejeniya ta tanadi akasin haka. Watannin ba sa ƙaruwa a lissafin daɗewa a aiki, ba sa kuma haifar da kwanakin hutun shekara. Hanyoyin da doka ta buɗe don rage wannan nauyi na bukatar shiri tun da wuri. Ma'aikaci a Faransa yana da kwana 30 na hutun shekara, wato mako 5 idan an ƙirga kwana 6 na aiki a kowane mako, kuma an yarda ya riƙa ajiye abin da ya haura kwana 24 har tsawon shekara 6, domin a biya shi kuɗinsu a dunƙule ranar da zai tafi. Kwana 6 a kowace shekara sau 6 ya zama kwana 36, kimanin albashin mako shida ke nan. A kamfanonin da ke da asusun ajiyar lokaci, inda ma'aikaci ke tara kwanakin hutun da bai ci ba ko wani ɓangare na alawus, ana iya amfani da abin da ya taru. Duk da haka, a zahiri waɗannan ba za su riƙe magidanci wata 11 ba, kuma shi ya sa haƙƙin da aka rubuta wa kowa ya fi amfanar mai babban albashi da ya iya tara wani abu. Mai ƙaramin albashi da ke biyan haya kuma yana aika wa 'yan'uwa kuɗi a gida, wanda sau da yawa shi ne aikin ya fi gajiyar da shi, yana da wannan hutu a takarda amma da wuya ya iya ɗaukarsa.

An yarda mai hutu ya yi wani aikin a wani wuri, ko ya gwada tasa sana'ar, kuma da yawa daga masu doguwar tafiya da haka suke cike gibin. Sharaɗin shi ne riƙon amana ga kamfanin da ya bari: ba zai je ya yi wa abokin gogayyar kamfanin aiki ba, ba kuma zai janye masa abokan ciniki ba. Wanda ya karya wannan ana iya korarsa alhali yana cikin hutun. Haka nan hutun ba garkuwa ba ne idan kamfani ya shiga matsin tattalin arziki ya rage ma'aikata, domin sunan mai hutu yana iya shiga jerin kamar na kowa.

Game da fansho akwai wata dabara da ta cancanci a sani. A tsarin Faransa ana lissafin shekarun fansho ne da rubu'i-rubu'i, wato wata uku-uku, kuma ana ƙirga rubu'in shekara ne da yawan kuɗin da mutum ya samu a cikin shekarar, ba da watannin da ya yi a bakin aiki ba. Samun abin da ya kai ladan awa 150 a mafi ƙarancin albashi yana ba da rubu'i ɗaya, awa 600 kuma ta cika huɗun shekarar. Saboda haka wanda ya tsara hutunsa ya ratsa shekara biyu, misali ya tafi a watan Yuli ya dawo a watan Mayu, zai iya samun cikakkun rubu'o'insa a shekarun biyu. Abin da zai rasa shi ne makin ƙarin fansho na watannin da ba a biya masa gudummawa ba. Ta fuskar lafiya kuma, inshorar gwamnati ta ginu ne a kan zama a Faransa, kuma ba ta saba biyan kuɗin magani a ƙasashen da ke wajen Tarayyar Turai ba, sannan ƙarin inshorar da kamfani ke biya wa ma'aikatansa tana iya tsayawa tare da albashi. Mai nufin Afirka ta Yamma ko Asiya ya kamata ya yanki inshorar tafiya da kuɗinsa kafin ya hau jirgi.

Idan wa'adi ya cika, wajibi ne kamfani ya mayar da ma'aikacin kan aikinsa na da, ko makamancinsa, da albashin da bai gaza na baya ba, kuma yana da haƙƙin a zauna da shi a tattauna makomar aikinsa. Kalmar makamancinsa tana nufin ba lallai ya tarar da ofishinsa ko abokan aikinsa na da ba, amma matsayi da nauyin aiki da albashi ba za su ragu ba, kuma kamfanin da ya saɓa wa haka kotu na iya ɗora masa diyya. Kamfanoni kan ɗauki wani na wucin gadi ya riƙe gurbin har mai shi ya dawo, shi ya sa dokar ta tsaurara a kan ranar dawowa. Wanda guzurinsa ya ƙare a wata na biyar ba shi da ikon tilasta wa kamfani ya karɓe shi kafin lokaci, kuma wanda tafiya ta yi wa daɗi ba zai ƙara ko mako guda ba sai da yardar kamfani. Idan ranar ta wuce bai bayyana ba kuma ba shi da uzuri karɓaɓɓe, kamfani na iya aika masa da takardar gargaɗi ta ba shi wa'adin da bai gaza kwana 15 ba, kuma bisa ƙa'idar da ta fara aiki a watan Afrilun 2023, in wa'adin ya cika bai koma ba ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya ajiye aiki da kansa, abin da kan hana shi kuɗin tallafin rashin aikin yi.