Kiran bidiyo ta burauza a ma'aikatun Kaduna: tambayoyi da amsoshi

Wace fasaha ce ke sa a yi kiran bidiyo ba tare da an sauke manhaja ba?

Sunanta WebRTC. Ita ce ke ba burauza, wato manhajojin shiga intanet irin su Chrome, Firefox da Safari, damar ɗaukar murya da hoto su aika kai tsaye. Google ne ya sake ta kyauta a 2011, kuma a Janairun 2021 hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da ita a matsayin ƙa'idar yanar gizo. Ma'aikaci ya turo maka mahaɗi, ka danna, ka ba burauza izinin kyamara da makirufo, shi ke nan kun haɗu.

To me zai hana a yi amfani da WhatsApp kawai?

Don gaisuwa da 'yan uwa, babu laifi. Amma a ce likita a Asibitin Barau Dikko zai duba mara lafiya da ke Birnin Gwari, ko jami'in fansho zai tantance dattijo a Kafanchan, zancen ya koma na bayanan jama'a. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Idan ma'aikata ta gina nata tsarin, ita ke yanke wanda zai shiga, abin da za a naɗa da inda za a ajiye shi. Ga kuma wayoyin talakawa da yawa a cike suke maƙil, ba wurin sabuwar manhaja.

Ina wahalar take?

A layin sadarwa. Matashi mai hazaƙa zai haɗa gwaji cikin 'yan kwanaki, ya nuna wa Darakta a ofis, kwamfuta biyu kan wayfai ɗaya, hoto tas. Ranar da aka kai shi ƙauye sai allo ya yi baƙi. Dalili kuwa, kamfanonin waya kan cusa dubban masu amfani a bayan adireshin intanet guda, don haka wayoyi biyu sukan kasa gano juna. Sabar STUN (saba ita ce kwamfutar da ke yi wa wasu na'urori hidima ta intanet) ke fara taimaka wa waya ta san adireshinta na waje. In hakan ya ci tura, sai sabar TURN ta zama 'yar aike, ta karɓi bidiyon daga nan ta miƙa can. Manhajar coturn da ke wannan aiki kyauta ce, amma na'urar da za ta zauna a kai da datar da za ta ci, kuɗi ne duk wata. A ganina, ɗan kwangilar da takardarsa ba ta ambaci TURN ba, a mayar masa da ita.

Taro mai mutane da yawa fa?

Da an wuce mutum huɗu ko biyar, wayoyi za su fara zafi, domin kowa na aika hotonsa ga kowa. Maganin shi ne saba a tsakiya da ake kira SFU: kowa ya aika mata sau ɗaya, ita ta rarraba. Manhajojin Jitsi da Janus da ke wannan aiki duk kyauta ne.

Data nawa zai ci?

Bidiyo mai gudun megabit ɗaya a daƙiƙa zai lashe kusan megabait 450 a awa ɗaya, a ɓangaren karɓa kaɗai. Murya ba ta kai ko kusa ba. Shi ya sa ya kamata a tsara shi ta yadda in layi ya yi rauni, hoto ya ɗauke, murya ta ci gaba. Mai jego da ke bayyana wa nas ciwonta ta fi buƙatar a ji ta da kyau.

Kotu za ta iya zama ta wannan hanya?

A Yulin 2020, lokacin korona, Kotun Ƙoli ta ce zaman kotu ta bidiyo bai saɓa wa tsarin mulki ba. Sauran aikin na masu ginawa ne: yadda za a tabbatar wanda ke kan allo shi ne ainihin shaidan, da yadda lauya zai gana da wanda yake karewa a keɓe kafin alƙali ya zauna.