Ceto da tsarki: yadda tsohuwar gardama ta iso bencin baya na majami'unmu

Duk wanda ya tashi a majami'un karkara na Arewa ya san bencin baya. Nan ne mazaunin wanda dattawan ikkilisiya suka sa a horo: yarinyar da ta yi ciki ba aure, magidancin da aka gani yana fitowa daga gidan burukutu, ko wanda ya ƙaro mata ta biyu. Zai zo sujada, zai yi waƙa, zai sa baiko, amma ranar Jibin Ubangiji farantin gurasa zai wuce shi. A wannan ranar kuma fasto yana iya hawa mumbari ya karanta Afisawa 2:8-9, cewa ta wurin alheri aka cece ku, ba ta wurin ayyuka ba. To in ceto kyauta ne, me ya kai wannan bawan Allah baya? Dattijo zai amsa maka da Ibraniyawa 12:14, cewa in babu tsarki ba mai ganin Ubangiji. Duk ayoyin biyu a Littafi ɗaya suke, kuma Kiristoci sun shafe shekaru fiye da 1,600 suna ja-in-ja a kan yadda za a riƙe su tare.

A Afirka aka fara yanke hukunci a kan maganar. Wajen shekara ta 400 wani malami ɗan Birtaniya mai suna Pelagius ya zauna a Roma, ya ga Kiristocin birnin sun sake jiki, ya ce fakewa da raunin ɗan Adam uzuri ne kawai: tunda Allah ya umarci mutum da tsarki, to mutum zai iya. Augustine, bishop na Hippo (Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau), ya ce sam, zuciyar ɗan Adam ta karkace tun daga tushe, ko son aikata nagarta ma sai Allah ya ba da. Taron bishop-bishop a Carthage ya goyi bayan Augustine a 418.

Martin Luther, malamin da Furotesta suka samo asali daga gare shi, shi ne ya sake tono maganar a Jamus daga 1517. Ya yi azumi da furta zunubi har ya gaji, zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai da ya fahimci Romawa 1:17 da sabon ido. Koyarwarsa ita ce Allah yana baratar da mai zunubi, wato yana karɓarsa a matsayin mai adalci, saboda Almasihu, ta wurin bangaskiya kaɗai, kuma mai bi yana nan barataccen mutum kuma mai zunubi a lokaci guda har ya mutu. Cocin Katolika ya mayar da martani a taron Trent a 1547, cewa barata ta haɗa da sabunta mutum daga ciki, ba shelar gafara ba ce kurum. John Calvin, wani jagoran Furotesta, ya kawo misalin rana: haskenta daban, zafinta daban, amma ba mai samun ɗaya ya rasa ɗaya. Haka barata da tsarkakewa.

Wanda ya fi barin tambari a kanmu, a ganina, shi ne John Wesley na Ingila. A daren 24 ga Mayu 1738, a wani taro a titin Aldersgate na Landan, ana karanta gabatarwar Luther ga wasiƙar Romawa, ya ji zuciyarsa ta ɗumama, ya tabbata an gafarta masa. Amma bai tsaya inda Luther ya tsaya ba. Ya koyar cewa mai bi zai iya kaiwa ga cikakkiyar ƙauna tun a duniya, inda son Allah da na maƙwabci zai mallaki zuciya. Ya kuma tsara mabiyansa ƙungiya-ƙungiya, kamar mutum goma sha biyu, suna haɗuwa kowane mako ana tambayar kowa halin da ransa ke ciki. Duk wata uku a sabunta wa mutum tikitinsa, wanda ya yi sakaci a hana shi. Wanda ya san katin baftisma da rajistar horo zai ji abin bai yi masa baƙo ba.

Daga nan koyarwar ta yi rassa. A Amurka, Phoebe Palmer ta gajarta hanyar: ka miƙa kanka gaba ɗaya a kan bagade, ka gaskata, an tsarkake ka nan take. A Ingila kuwa, taron shekara-shekara da aka fara a garin Keswick a 1875 ya sassauta: ba a tumɓuke zunubi daga zuciya, amma Ruhu Mai Tsarki yana danne ƙarfinsa muddin mutum ya miƙa wuya. 'Yan Fentikos da suka fito daga farkawar titin Azusa na Los Angeles, Amurka, a 1906 ma ba su jima ba suka rabu a kan wannan batu.

Iskar Keswick ɗin nan ita ce da yawa daga cikin 'yan mishan da suka nufo ƙasar nan suka shaƙa. Rowland Bingham, wanda ya sauka Legas a 1893 tare da Walter Gowans da Thomas Kent, shi kaɗai ya tsira a cikinsu, kuma shi ya ci gaba da jan ragamar mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) da ta haifi cocin ECWA a 1954. Shi ɗin dai ya kafa reshen taron Keswick a Kanada a 1924. Mutanen da suka zo da wannan tarbiyya sun yi wa'azin ceto ta wurin alheri da gaske. Matsalar ita ce ta yaya baƙo, wanda harshen ma bai gama zama a bakinsa ba, zai gane cewa tuban mutum na gaskiya ne? Sai aka koma ga abin da ido ke gani. Ya ƙone layunsa? Ya bar giya da taba? Ya daina zuwa bikin gargajiya? Matansa nawa? Mai neman baftisma kan daɗe a aji ana lura da shi kafin a kai shi rafi.

Maganar mata ce ta fi ciwo. Taron Lambeth na bishop-bishop ɗin Anglikan ya yanke a 1888 cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba, ko da yake ana iya yi wa matansa, kuma yawancin mishan sun bi irin wannan layi. Dattijo ya tuba, ya ba da filin da aka gina majami'a, 'ya'yansa sun zama masu bishara, amma shi ya mutu bai taɓa ɗanɗana Jibi ba, don ya ƙi korar uwar 'ya'yansa. Sai a 1988, bayan shekara 100 cif, Lambeth ya sassauta da sharaɗin kada mutum ya ƙara aure. Ni dai ban ga yadda sakin mace mai 'ya'ya biyar zai zama alamar tsarki ba.

A shekarun 1970 wata guguwar ta taso daga jami'o'i. W. F. Kumuyi, malamin lissafi a Jami'ar Legas, ya fara ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a 1973 wanda ya zama Deeper Life, da koyarwar tsarkakewa irin ta Wesley da kuma maida abin da aka ci ba bisa haƙƙi ba. Mutane sun mayar da kuɗin da suka wawura, mata sun cire 'yan kunne. Matasan da suka ce an sāke haihuwarsu suka fara kallon iyayensu na tsofaffin majami'u a matsayin Kiristocin suna.

A tsakanin manyan shugabannin coci na duniya kuwa an yi sulhu. Ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg, Katolika da Ƙungiyar Lutheran ta Duniya sun sa hannu cewa ta alheri kaɗai ake karɓar mutum, kuma Ruhu ne ke sabunta zuciya ya kira ta ga ayyuka nagari. Methodist suka shiga a 2006. A 2017 ma ɗan ƙasar nan, Akbishop Musa Panti Filibus na cocin LCCN mai hedikwata a Numan, ya zama shugaban wannan ƙungiya ta Lutheran.

Bencin baya kuwa yana ta raguwa da mutane a birane, amma ba wannan sulhu ne ya kwashe su ba. Yau in dattawa suka kira mutum a Jos ko Kaduna suka ce wata shida a horo, Lahadi mai zuwa sai a gan shi a sabuwar majami'ar da ke tsallaken titi, an ba shi kujerar gaba a matsayin baƙo na musamman.