Waiwaye: Murɗin cikin bututun bindiga da harsashin harbin nesa

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar maƙeri a Gusau ya leƙa bakin adaka, ya san cikin bututunta sumul yake kamar na famfo. Maharbi zai ɗura albarushi, ya danna tsumma, ya zuba 'yan dunƙulen darma, abin da ya rage kuma sai sa'a. Wani dattijon maharbi da muke zama da shi bayan la'asar ya taɓa ce mini, "Malam, wagga bindiga tamu, in nama ya yi nisa sai dai ka yi rarrafe ka matsa." Daga nan ya tambaye ni ko da gaske ne akwai masu gasa a ƙasashen waje da ke huda tsakiyar takarda daga yadi 1,000. Na ce masa, "Baba, gaskiya ne, kuma rabin sirrin yana cikin bututu."

Na san a Zamfara ta yau maganar bindiga ba ta da daɗin ji, mun binne 'yan uwa da yawa. Abin da nake waiwaya a nan shi ne wasan harbin bara, wanda ake yi a fili mai izini ana harbin takarda, kuma a Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta yarda kowa ya riƙe irin wannan bindiga ba sai da lasisi. Ni malamin kimiyya ne, kuma yana damuna cewa yaranmu sun san ƙarar bindiga amma ba su san lissafin da ke cikinta ba, alhali lissafin mazari ne.

Ka dubi tsohuwa tana kaɗi. Mazari ba ya tsayawa da kansa, sai ta murza shi, kuma muddin yana juyi yana tsaye cak, da ya rage gudu sai ya fara layi ya faɗi. Haka katantanwar yara. Abin da maƙeran bindiga suka yi ke nan: sun sassaƙa 'yan kwaruruka a cikin bututu, a murɗe kamar tufkar igiya, ta yadda harsashi zai fito yana juyi a kan tsawonsa. Ana auna murɗin da nisan da harsashi zai yi kafin ya cika juyi ɗaya. Idan aka ce 1 a 12, ana nufin juyi ɗaya cikin inci 12. Ke nan 1 a 8 ya fi 1 a 12 tsananin murɗi, wanda nan ne sababbin shiga ke yawan ruɗewa.

Dabarar ta tsufa. Tun wajen shekarar 1500 ake yin ta a ƙasashen da ke jin Jamusanci, ana danganta ta da maƙeran Biyana da Nurembag. Amma sai a ƙarni na 18 wani Bature ɗan Ingila, Benjamin Robins, ya yi bayanin dalilin da ya sa dunƙulen harsashi ke kaucewa daga bututu mai sumul, ya kuma nuna cewa juyi ne maganinsa. A lokacin harsashi dunƙule ne, kuma dunƙule ba ya buƙatar juyi mai yawa tunda ba shi da kai ba shi da gindi. Bindigar Baker da sojan Ingila suka karɓa a 1800 murɗinta 1 a 120 ne, wato rubu'in juyi kacal a duk tsawon bututun. Da harsashin Minié na Faransa ya zo, mai ɗan tsawo da rami a gindi, sai bindigar Enfield ta sojan Ingila ta 1853 ta koma 1 a 78.

Inda labarin ya juya shi ne hannun Joseph Whitworth, injiniya a Mancesta. Gwamnati ta nemi ya gyara Enfield, shi kuma ya zauna ya yi ta gwaji da bututu iri-iri. Bai taɓa nauyin harsashi ba, ya bar shi kusan giren 530 kamar na Enfield (giren ma'auni ne ƙarami, 15 da ɗoriya ke yin giram ɗaya). Abin da ya yi shi ne rage kauri daga inci 0.577 zuwa 0.451. Darma ɗaya, kauri ya ragu, dole tsawo ya ƙaru. Sai ya tarar dogon harsashin ba ya tafiya a miƙe sai an tsananta murɗi har 1 a 20, kusan ninki huɗu na Enfield. Cikin bututunsa ma kusurwa shida gare shi. A gwajin da aka yi a Hythe ta Ingila a 1857 bindigarsa ta yi wa Enfield fintinkau a nesa, amma soja ba su ɗauke ta ba saboda tsada da saurin toshewa da tokar albarushi. Masu gasa ne suka rungume ta. A 1860, ranar buɗe gasar farko ta ƙungiyar harbin Birtaniya a Wimbledon, Sarauniya Victoria ta ja igiyar da aka ɗaura a kunamar wata Whitworth da aka riga aka saita, harsashin ya faɗa dab da tsakiya daga yadi 400.

Na daɗe a kan Whitworth ne domin a wurinsa aka ga abin da har yau mutane ke kuskurewa. Nauyi ɗaya, murɗi daban. Tsawon harsashi ne ke neman murɗi, nauyi raka shi kawai yake yi. Dalili kuwa shi ne iska tana dukan harsashi ne ta wajen hanci, nauyinsa kuma ya fi taruwa a baya, don haka kullum tana ƙoƙarin kifar da shi gindi ya koma gaba. Iya tsawonsa iya ƙarfin da iskar ke samu a kansa, kamar yadda doguwar gora ta fi guntuwa wuyar riƙewa a guguwa.

Gasa ta ci gaba da nisa. A 1874 a filin Creedmoor kusa da Niyok, 'yan Ailan da 'yan Amurka suka kara a yadi 800 da 900 da 1,000, Amurka ta yi nasara da maki 934 a kan 931. A 1876 aka fara gasar kofin Palma. Sai a 1879 Alfred George Greenhill, malamin lissafi a makarantar soja ta Woolwich, ya mayar da abin da maƙera ke lalube ya zama ƙa'ida. Ka ɗauki kaurin harsashi a inci, ka ninka shi da kansa, ka ninka da 150, ka raba da tsawonsa. Ina ba ɗalibaina wannan a allo. Harsashi mai kauri 0.308 da tsawo inci 1.2 yana ba da kusan 12. Ka ƙara masa tsawo zuwa 1.4, amsa ta sauko kusan 10. Ka lura babu nauyi ko ɗaya a cikin lissafin.

Daga nan abubuwa suka zo a jere da sauri. Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a Faransa a 1884, Eduard Rubin na Suwizalan ya yi wa darma rigar ƙarfe don kada murɗi ya kankare ta, Faransa ta fito da harsashi mai tsini da siririn gindi a 1898. Kauri ya ragu, gudu ya ƙaru, murɗi ya taru a wajen 1 a 10, kamar na bindigogin soja .303 ta Ingila da .30-06 ta Amurka. Ƙasarmu ta ga sakamakon wannan zamani da idonta. A Fabrairun 1903, kusa da Kwatarkwashi, mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta far wa wata 'yar rundunar Turawa da ba ta kai mutum 50 ba, har Waziri ya yi shahada a wurin. Jarumta ba ta gaza ba, tazarar makamai ce ta yi yawa.

Misalin da na fi so daga ƙarni na 20 na kasuwa ne. A 1955 kamfanoni biyu a Amurka suka fito da harsasai masu kauri ɗaya, .243 Winchester da .244 Remington. Winchester ta sa murɗin 1 a 10, Remington ta sa 1 a 12 domin ta ɗauka masu saye za su fi son ƙananan harsasai masu gudu. Sai magana ta bazu cewa ta Remington ba ta riƙe dogon harsashi mai tsini na giren 100, ta Winchester kuwa tana riƙewa. Kasuwa ta juya wa Remington baya. A 1963 suka sake fitowa da ita da murɗin 1 a 9 da sabon suna, 6mm Remington, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kwanson harsashin Remington ma ya ɗan fi na Winchester ɗaukar albarushi. Inci biyu na murɗi ne suka kayar da ita.

Me ya sa masu harbin nesa ke ta neman dogon harsashi tun farko? Domin siriri mai tsawo ya fi ratsa iska, ya fi riƙe gudunsa, iskar gefe kuma ba ta cika ture shi ba, wadda ita ce babbar abokiyar gabar mai harbin yadi 1,000. Wannan ne ya haifi 6.5 Creedmoor (kaurin milimita 6.5) da kamfanin harsasai na Hornady ya fitar a 2007, mai suna iri ɗaya da wancan tsohon fili, aka kuma tsara ta tun daga tushe da murɗin 1 a 8 don harsasai na wajen giren 140. Masu gasar Palma da ke harba giren 155 a .308 sun daɗe a kan 1 a 13, amma masu harba dogayen harsasai na giren 200 da wani abu a kauri ɗaya sai sun nemi 1 a 10 ko fiye. Shi ya sa gwanaye ke fara zaɓar harsashi, sannan su sa a yi musu bututun da ya dace da shi. A ganina wannan ne daidai, sayen bututu kafin sanin harsashi kamar ɗinka riga ne kafin a auna mai sawa.

Ƙa'idar Greenhill ta zamanin darma zalla ce, don haka a 2005 Don Miller ya buga wata sabuwa da ta shigar da nauyi da gudu da yanayin iska, tana ba da lamba guda ta daidaito. Ƙasa da 1, harsashi zai yi ta wuntsilawa, ya isa takarda a kwance ya bar dogon rami maimakon zagayayye. Masu gasa suna neman 1.5, domin tsakanin 1 da 1.5 harsashi yana iya tafiya a miƙe amma yana ɗan layi, layin kuma yana cinye masa gudu. Yawan murɗi ma ba kyauta ba ne. Harsashin da ya fita da gudun ƙafa 2,700 a daƙiƙa daga murɗin 1 a 8 yana juyi sau 243,000 a minti. Idan rigarsa sirirya ce yana iya tarwatsewa a hanya, idan kuma darmarsa ba ta zauna daidai a tsakiya ba juyin zai ƙara fito da aibin. Juyin yana kuma janye harsashi a hankali zuwa ɓangaren da murɗin ya nufa, inci da dama a yadi 1,000, dole mai harbi ya cire wannan a saitinsa.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, wato iska. Iska mai sanyi ta fi kauri, ta fi ƙarfin kifar da harsashi. Sojan Amurka sun koyi haka da harsashinsu mai kaurin milimita 5.56: murɗin 1 a 14 ya yi aiki a yanayi mai ɗumi, amma a gwajin ƙasar ƙanƙara ya kasa, aka koma 1 a 12 a 1963, daga baya kuma 1 a 7 saboda harsasai masu ƙarin tsawo. Ke nan harsashin da ke bakin iyaka zai iya tafiya lafiya lau a zafin Afrilu na Birnin Kebbi, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, amma ya fara layi da asubahin hunturu a Gusau, bututu ɗaya, albarushi ɗaya. Da na faɗa wa dattijon nan haka sai ya yi shiru, can ya ce shi ma ya san harbin sanyin safiya da na rana tsaka ba ɗaya ba ne, amma da raɓa yake danganta abin, wai ita ke jiƙa masa albarushi. Na ce, "Baba, a adaka kam raɓar ce."