Waiwaye: Yadda muka manta da 'yan Burma tun suna raye

Duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, sai maganar tsofaffin sojojinmu da suka yi yaƙi a Burma ta sake tashi, haka ma duk sanda wani tsohon soja ya rasu aka saka hotonsa a Facebook da lambobi a ƙirji. Wannan ya ce an yi watsi da su, wancan ya ce ai yaƙin Turawa suka yi to me za a tuna, yara kuma su shigo suna tambaya wai dama akwai Bahaushen da ya je Burma? A bana abin ya taɓa ni sosai, don tsohon da ya koya wa mahaifina karatu, wanda ni ma na taso ina durƙusawa ina gaishe shi, Allah ya karɓi abinsa yana dab da cika shekara 100. Baba Malam muke ce masa. Ya bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne cike da gida, kuma wallahi da yawan waɗanda suka zo ta'aziyya a wurin suka fara jin wai ya taɓa saka kaki.

Farkon labarin sananne ne. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sojojinmu suka fara gwabzawa da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, daga baya aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka tsallaka da su Indiya, daga can sai dajin Burma don tunkarar Japan. A kwarin Kaladan babu hanyar mota, a ka suke ɗaukar kaya, abinci da harsashi kuma jirgin sama ke jefo musu. A Janairun 1945 suka ci garin Myohaung, a watan Agusta Japan ta miƙa wuya. Barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya da muke wucewa kullum, sunayen nan daga can aka kwaso su.

Amma inda ni nake ganin aka yi kwana, wanda ba a cika tsayawa a kai ba, shi ne bayan an daina harbi. Yaƙi ya ƙare amma babu isassun jiragen ruwan da za su kwaso su, sai suka zauna a sansani wata da watanni suna jira, da yawansu sai 1946 suka taka ƙasar gida. Dama tun ana yaƙin an fara matsa wa sojoji su koyi Turanci, alhali a da Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa koyonta suke yi. To a zaman jiran nan sai aka ƙara ƙarfin aji, karatu da rubutu da ɗan lissafi da sana'ar hannu. Baba ya tafi da karatun allo kawai, a can ya fara riƙe fensir ya ja layin boko. Ya taɓa gaya wa mahaifina cewa abin da ya sa ya dage shi ne ya gaji da roƙon wani ya rubuta masa wasiƙar gida, don sirrinka da mahaifiyarka sai ya bi ta bakin wani ƙato kafin ya hau takarda. Kuma idan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta shigo hannu, wanda ya iya karantawa shi ne sarki a ranar, kowa ya kewaye shi.

Sai kuma suka dawo, a nan abin ya lalace. Mutum ya dawo da abubuwa biyu da jama'a ke yi wa kallon shakku a lokacin, soja da boko. Ana cewa ya daɗe cikin Nasara, ya tsallaka teku, waye ya san abin da ya ci ko ya sha, wasu kuma da suka dawo da firgici, su zabura cikin dare suna ihu, sai kawai a ce kansu ya taɓu. Idan ya ba da labarin giwa tana aiki kamar jaki, ko ruwan sama na wata da watanni ba ƙaƙƙautawa, ko matsattsaku da ke manne wa mutum a ƙafa cikin takalmi, sai a yi dariya a ce ɗan Burma ya fara zuba. Shi Baba sai da neman aurensa na farko ya watse a kan haka, dattawan gidan suka ce ba sa ba soja 'ya. Mutum mai zuciya sau nawa za a yi masa dariya kafin ya ja bakinsa ya yi shiru? Ya ninke kakin ya saka a akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado, daga nan bai sake buɗe maganar a zaure ba.

Abin da bai ɓoye ba shi ne karatun. Da aka fara Yaƙi da Jahilci a Arewa a shekarun 1950, irinsu aka samu a hannu, mutanen da suka koyi baƙi da wasali da girmansu, sun san kunyar da magidanci ke ji idan ya kasa rubuta sunansa. Da fitilar ƙwai yake koyar da manya bayan sallar isha'i, daga baya ya samu horo ya shiga firamare, lokacin da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976 shi ne hedimasta. Mahaifina ya ce bai taɓa ganin ya makara ba, takalminsa kullum a goge, kuma idan yaro ya kasa karatu ba ya saurin ɗaga bulala, sai ya zauna kusa da shi ya ce ɗana sake gwadawa. 'Ya'yansa mata duk sai da suka yi makaranta a lokacin da ake ganin hakan kamar ganganci. Sunan Malam ya bi shi har ya rufe na soja ruf.

Daga baya yaƙin basasa ya zo, 1967 zuwa 1970, da nasa tsofaffin sojojin da nasa raunin da ya fi kusa da mu, ranar tunawa ma da ake yi 11 ga Nuwamba ta koma 15 ga Janairu, ranar da yaƙin ya ƙare. Kafin nan 'yan Burma sun yi shekara 20 da ɗoriya da yin shiru, 'ya'yansu sun girma ba su tambaya ba, mu jikoki muka zo da waya mai ɗaukar murya a aljihu mu ma ba mu tambaya ba. Ni kaina sau nawa na zauna gabansa muna hirar makaranta da noma, ban taɓa cewa Baba yaya Kaladan take ba, kuma abin yana ci mini rai.

Bayan addu'ar bakwai babban ɗansa ya jawo akwatin nan. Kakin duk asu ya cinye, akwai takardar sallama da ta yi ja, da lamba mai siffar tauraro, sai wani ɗan littafin rubutu da bangonsa ya fita. Shafin farko a, b, c ne a karkace, shafukan da ke biye kuma sunansa ne da na mahaifiyarsa, ya rubuta ya sake rubutawa har ƙasan takarda.