Me ake nufi da saurin rabuwar dayatom?

Dayatom wata ƙanƙanuwar halitta ce daga dangin gansakuka, mai ƙwayar halitta guda ɗaya tak, wadda ba a ganinta sai da maikiroskof. Tana nan a teku da koguna da madatsun ruwa irin na Zobe da Jibiya da Ajiwa. Da hasken rana take haɗa abincinta, kuma masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga gare ta yake.

Jikinta na cikin wani ɓawo na silika, sinadarin nan na yashi da ake yin gilashi da shi. Ɓawon gida biyu ne, kamar akushi da murfinsa. Idan za ta hayayyafa sai ta rabu biyu, kowace ta ɗauki ɓangare ɗaya a matsayin murfi, ta ƙera sabon gindi a cikinsa. Shi ya sa ɗaya daga cikin biyun kan fito ƙarama kaɗan, zuriyar ta yi ta ƙanƙancewa har sai an yi barbara girman ya dawo.

Saurin rabuwa shi ne sau nawa ake wannan rabuwar a yini. In haske da abinci sun wadata, da yawansu kan ninka yawansu cikin kwana ɗaya.

Wahalar tana wajen awo. Mutum zai ɗebo ruwa a kwalba, ya ɗiga ruwan aidin don ƙwayoyin su mutu su kwanta, ya ƙirga. Gobe ya sake. To amma in adadin bai motsa ba, ba yana nufin ba su rabu ba. Ƙananan dabbobin ruwa na cinye su dare da rana, wasu kuma na nutsewa ƙasa. Saboda haka a 1982 masana biyu, Landry da Hassett, suka fito da dabarar sirki: a sirka ruwan da wani ruwan wurin da aka tace ƙwayoyin da masu cin su, a kwalabe daban-daban, wata ta fi wata sirki, a bar su awa 24. Inda aka fi sirkawa masu cin sun fi ƙaranci, daga nan a lissafo ainihin saurin.

Ina ganin ɗaliban kimiyya a Katsina ya kamata su riƙe wannan awon da muhimmanci. Da damina ruwan dam kan yi jawur da laka, haske ya kasa ratsawa, rabuwa ta ragu, kuma abincin karfasar da masunta ke kaiwa kasuwa daga waɗannan ƙwayoyin yake farawa.